Uwar Burodin Baba Tanko

Jiya ina zaune a ƙofar shagon abincin jikata Hadiza, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku ukun nan da ta ɗauka aiki, yana cewa wai girki ba wani abu ba ne, ka kunna gas, ka zuba, ka juya, ka sauke. Ban tanka ba don bakina cike yake da goro. Yau na tofar, sai ku jawo benci. Sunana Isiyaku, amma a Keffi in ba ka ce Isiyaku Kuku ba, ba mai nuna maka gidana. Kukun haya ne ni. Duk wanda ya kira sai in naɗe wuƙaƙena a tsumma in bi shi, ko biki ne a cikin gari, ko zango ne a tsakiyar daji.

Aikina na farko wankin tukunya ne a bayan gidan wani Baturen mulki, ana gab da samun 'yancin kai. Mai kicin ɗin Baba Tanko ne, mutumin Liman Abaji, gajere mai faɗin tafin hannu, wanda ya tsufa yana bin Turawa rangadi. Shekara biyu na yi a wurinsa bai bar ni na taɓa wuƙa ba. Toka da yashi da soso su ne kayan aikina. Sai dai tun ranar farko ya gaya mini ƙa'idar masu girki, wadda har matan gidan biki suke bi: duk abin da ya maƙale a jikin tukunya ko kwano, na mai wankewa ne. Ƙanzon shinkafa, man da ya kwanta a gindin miya, ɓurɓushin naman da ya kama ƙarfe, ba mai tambayarka. Kafin shekara ta zagayo kumatuna sun cika har ana yi mini tsiya a unguwa. Kwano ɗaya ne ba na samun abin ci a ciki, shi ne na kwaɓin burodi. Kullum Baba zai miƙo mini shi dumu-dumu da ɗanyen kwaɓi mai tsami, in kai bakin kwata in ɗauraye ina gunaguni, wai tsoho bai iya kankare kwano ba.

Da burodin nan aka san Baba, sirrinsa kuma yana cikin wata kwalba mai faɗin baki wadda a da ta alewa ce. A ciki akwai kwaɓin fulawa da ruwa mai kumfa, yana tasowa yana komawa a hankali. Shi yake sawa a madadin yis na kanti, yana kiransa uwar burodi, ko Uwa kawai. Kowace safiya a ɗebi rabinta a yi kwaɓi, a mayar mata da fulawa da ruwa, ta ci ta sake tasowa. In ka bar ta da yunwa ta mutu, in zafi ya yi mata yawa ta yi tsamin da ba ya ciwuwa. Ƙamshinta yana tsakanin nono mai kyau da mangwaron da ya nuna a bishiya. Baba ya ce ta girme ni, ta kuma girmi Baturen da muke yi wa aiki.

Bayan Turawa sun tafi muka riƙa bin aikin haya tare, yana gaba ina biye da akwati a ka. A hanya na koyi wasa wuƙa a dutse har ta aske gashin hannu, da gane zafin mai da ɗan yankin albasa, da yanka rago ɗaya ya ishi mutanen da mai gida ya rantse hamsin ne alhali ɗari za su zo. Daga baya hayaƙin shekaru ya ci idon Baba. Ranar da ya yanke yatsa sau biyu a kan albasa ɗaya, ya zauna a kan turmi ya kira ni, ya ɗora mini kwalbar a hannu.

"Ka kula da ita," in ji shi. "Kuma duk Juma'a in an sauko daga masallaci ka kawo mini burodi ɗaya. Idona ya tafi, amma bakina yana nan. Zan san ko tana raye."

Tun daga ranar na hana kowa ko leƙa kwalbar. Kwanon kwaɓi ma na daina miƙa wa masu wanke-wanke, ni nake kankare shi tas, in wanke da hannuna.

A shekarar babban fari, lokacin da shanun arewa suka riƙa gangarowa ta Keffi fata da ƙashi, na yi wata huɗu ba wanda ya kira ni ko dafa shayi. Biki ya koma addu'a da raba goro. Fulawa ta yi wuya, wadda ake samu kuma sai ka tankaɗe ƙwari. Na koma suyar doya a tasha. Uwa kuwa da garin dawa na riƙa ciyar da ita, cokali biyu da safe. Ta yi duhu, jikinta ya yi sanyi, amma ba ta mutu ba. Ran Alhamis sai in nemo fulawa cikin gwangwanin madara ɗaya ko ta halin ƙaƙa, in gasa wa Baba burodi kamar dunƙulen hannu. Ko Juma'a ɗaya ban tsallake ba. A shekarar na gane Uwa ba ta da zaɓen abinci, in dai hatsi ne za ta ci.

Sai Allah ya kawo shekarun man fetur, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da sababbin babura da rediyo. Akawun da jiya yake cin ƙosai a takarda, yau yana son a shimfiɗa farin ƙyalle a tebur ranar sunan ɗansa, a jera cokula masu yatsu, baƙi daga Jos da Kaduna su ci dafa-duka da soyayyun kaji da burodi mai nama a tsakiya. Wata matar ma'aikaci ta taɓa nuna mini hoton kek mai hawa uku a mujalla, ta ce irinsa take so jibi, a gidan da murhunsa duwatsu uku ne. Na yi mata shi a cikin tukunyar ƙarfe, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ya ɗan karkata hagu, sai na juya wajen karkatar ya dubi bango.

Dafa buhun shinkafa guda a tukunya ɗaya, wannan ma ku da kuke cewa a zuba a juya ku gwada mu gani. In ka juya ta dame, in ka bar mata wuta ta ƙone a ƙasa sama tana ɗanya. Ana janye itace ne tun ruwa bai gama tsotsewa ba, a bar garwashi kaɗai, a lulluɓe bakin tukunyar da tsabtataccen buhu, sannan ka kasa kunne. Shinkafa tana da ƙarar da take yi in ta kusa, wani ɗan tsartsar can ƙasa. Wanda bai iya jin ta a cikin hayaniyar mata da kalangu ba, ƙanzo zai ciyar da baƙi.

A bazarar da nake son ba ku labari, Asabar da Lahadi ina cikin gari ina biki, Litinin zuwa safiyar Juma'a ina daji tare da wasu 'yan safiyo masu awon hanya a bayan Garaku. Gidana ya zama wurin canza riga.

Zangon nan yana bakin wani rafi da ya ƙafe, ba komai sai farin yashi mai faɗi, da tantuna shida a ƙarƙashin ɗorawa. Har yau in na lumshe ido ina ganinsa. Bayan sallar asuba kowa yakan koma ya kwanta, a bar ni da gari yana wayewa. Jajayen furannin ɗorawa suna reto a sama, ƙudan zuma suna ta kuka a jikinsu, hayaƙin murhuna yana tashi a miƙe don babu iska. Zabin daji su gangaro yashi suna tono, ba sa ko tsorona. Can nesa duwatsu shuɗi-shuɗi, wani lokaci sai ka ga kamar ba a ƙasa suke zaune ba. Nakan tsaya hannuna cikin kwaɓi in manta da kaina, sai ruwan shayi ya tafaso ya kashe mini rabin wuta.

Tanderuna wani tsohon suri ne da gara suka bari. Na fafe cikinsa da adda, na yi masa ƙofa da gefen garwar kananzir. In cika shi da itacen ƙirya, in bari ya cinye, in kwashe garwashin, in watsa ɗan gari a ƙasa. In ya yi ja a hankali wuta ta yi daidai, in ya yi baƙi nan take sai a jira. Shugaban 'yan safiyon, wani dogon mutumin kudu da muke kira Oga, ba ya fita da madubin awonsa sai ya ci burodin nan da zafinsa. Leburori masu jan sarƙar awo kuwa, Eggon da Mada da Gwandara, tuwon dawa suke so da miyar kuka, kowa da yarensa a bakin murhu, amma da Hausa ake neman ƙari. Firjina yashin rafi ne. In ka tona kamu biyu sai ka tarar da danshi mai sanyi. A nan nake binne kwalbar Uwa in rana ta ɗaga, in kafa sanda a kai da jan tsumma.

Wani suna da muka yi a Jigwada a farkon bazarar, a gidan wani malamin makaranta, shi ne ya haɗa ni da Gwaggo Laraba. A gidan biki tebur ne kawai na kuku, tsakar gida ta mata ce, ita ce kuma shugabarsu. 'Yar Gwandara ce mai sayar da waina, muryarta tana kaiwa ƙofar gida ko da raɗa take yi. Ta ga ina ɗiba daga kwalba, ta matso tana shinshinawa.

"Kuku, ɗan cokali ɗaya na abin nan naka mai kumfa, in gwada a ƙullina."

"Gwaggo, amana ce. Ba a bayarwa."

"Amana ko rowa? To, Allah ya bar ka da kwalbarka, ku tsufa tare."

Da la'asar direban 'yan safiyo ya zo yana ta danna hon a waje. Na rungumi kwalba, na sungumi wuƙaƙe, na bar kwanon kwaɓi a cikin tulin wanke-wanken mata, abin da ban taɓa yi ba. Ban ma tuna da shi ba sai da aka aiko mini da shi gida a wanke tas.

Wajen mako shida bayan haka aka kira ni wani babban biki a Liman Abaji, na shinkafa da nama zalla, babu burodi. Zafi ya kai matuƙa, kullum da yamma hadari yana haɗuwa a kan duwatsu yana watsewa. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san ba a barin kaya a cikin rafi in hadari ya fara yawo, ni ma na sani. Amma na yi tunani irin na mai gaggawa: zafin motar jif zai dafa Uwa a hanya, a gari kuma ba ni da lokacinta, gara ta kwana uku a sanyi. Na kwaɓa ta da tauri don ta yi barci, na binne, na ɗauki burodin Baba na hau mota.

Da muka dawo ran Litinin da hantsi, tantuna suna nan, ƙasa a bushe, ko ɗigo bai sauka a zangon ba. Amma yashin rafi ya sake kwanciya sumul, ga layin busasshiyar kumfa da karare a gefe. Maigadin zangon ya ce ran Lahadi da azahar, ana ƙwalla rana, ya ji ruri kamar na babbar mota, sai ga jan ruwa ya taho daga wajen duwatsu ya cika rafin, kafin magariba ya wuce abinsa. Babu sanda, babu jan tsumma. Na yi ta tono har la'asar. Leburori suka taya ni da shebur, har Oga ya kafa madubinsa yana neman inda ya ce ya saba ganin sandar. Da ya gaji ya dafa kafaɗata.

"Kuku, kwalba kawai! Ni zan saya maka goma a kanti."

Na zauna a yashi, ba abin da nake gani sai Juma'a.

A Garaku na sayi yis na gwangwani. Burodin ya tashi fiye da na kullum, fari sol, da laushi, har Oga ya ce ya fi daɗi. Na ce a raina wataƙila bakin tsoho ma ya tsufa. Ran Juma'a bayan an sauko na tarar da Baba a zaurensa a kan buzu. Na gaishe shi, na miƙa. Ya karya, ya kai hanci, ya daɗe a haka. Bai ci ba, ya ajiye a cinyarsa.

"Isiyaku, ina ka kai ta?"

Na faɗa masa duka, ban rage komai ba.

"To, wa ka ɗiba wa? Je ka karɓo a wurinsa."

"Ban taɓa bai wa kowa ba, Baba."

"Ko mutum ɗaya? Duk shekarun nan?"

"Cewa ka yi in kula da ita."

Ya juya fuska wajen bango, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Washegari da sassafe ina tafe a ƙasa zuwa wani aiki a Jigwada, kaina a sunkuye, sai wani ƙamshi ya tsayar da ni a tsakiyar lungu. Na waina ne da man gyaɗa, amma a ƙarƙashinsa akwai wani da na sani, nono da mangwaro. Na ɗauka ɓacin rai ne yake yi mini wasa da hanci. Na dai bi shi, lungu ɗaya, lungu biyu, kamar wanda ake ja da igiya, har ya kai ni gaban tandar Gwaggo Laraba, mata sun yi layi da kwanoni. Na sayi guda ɗaya, na ɓare ta, na kai hanci.

"Gwaggo, me kike sa wa ƙullin nan?"

"Shinkafa, kamar kowa." Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta juya waina da tsinke.

"Gwaggo, don Allah."

"Kai ka bar mini kwano in wanke ran sunan gidan malam. Ko ƙa'ida ta canza ne ban ji ba? Abin da na kankare ko cokali bai cika ba. Na zuba a ƙulli, kullum in rage kaɗan na gobe. Ka ga layin nan? Da ba haka yake ba."

Na durƙusa a gaban mutane, ni Isiyaku Kuku da farar rigata mai maɓalli, na gaya mata abin da rafi ya yi mini, da abin da Baba ya ce. Ta saurara har na gama, ta kwashe wainar da ke wuta, sannan ta dube ni.

"Amana ce, Kuku. Ba a bayarwa."

Matan layi suka kwashe da dariya. Ta bar ni a durƙushe har ta sallami mutum uku, sannan ta shiga gida ta fito da gwangwanin madara cike da ƙulli.

"Cokali na roƙa, ga gwangwani. Tashi, kana tare mini ciniki."

Kwana biyar ina lallashin Uwar da ke cikin ƙullin. Safe da yamma in rage rabi, in ba ta fulawa, a cikin sabuwar kwalba da na naɗe da jiƙaƙƙen buhu na rataye a reshen ɗorawa, nesa da rafi. Da farko ta yi shiru. Rana ta uku ƙananan kumfa suka fara fitowa a jikin gilashi, ran Alhamis ta taso har wuya. A makon ne ruwan farko ya sauka a zangon, daji duk ya ɗauki ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai da na lulluɓe surina da tamfol. Da asubar Juma'a na gasa. Bai yi fari kamar na kanti ba, bai kuma yi tsayi ba.

Baba ya karɓa, ya karya, ya kai hanci. Sai ya gutsira, yana taunawa a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa. Ni dai bakinsa nake kallo.

"Ta ci shinkafa," in ji shi. Ya sake gutsira. "Amma ita ce. A ina?"

Na ba shi labarin Gwaggo Laraba da kwano. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙa masa ruwa.

"Shekara biyu ina miƙa maka kwanon nan da ita a jiki, kana kaiwa kwata kana zubarwa, kana gunaguni, ka zaci ba na ji. Ni ma haka na same ta, ina yi wa wani kuku wanke-wanke a Lokoja, ba wanda ya ba ni. Na yi ta jira ka gane, har idona ya tafi ba ka gane ba, dole na ba ka kwalbar. Mai waina ta gane a yini ɗaya."

Kafin damina ta yi nisa na ɗiba wa wani kuku a Akwanga, da matar maigadin zango, da duk wanda ya miƙo gwangwani. Baba ya ci burodin Juma'a shekara huɗu bayan wannan, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Kwalbar nan da ke saman kantar Hadiza, wadda ɗayanku ya ce tana wari a zubar, ita ce. Wata uku ke nan ina zuwa shagon nan duk Alhamis ina kwaɓi, ina miƙa muku kwano dumu-dumu, kuna kaiwa famfo kuna cewa hannun tsoho ya mutu, bai iya kankarewa ba. Ina jinku sarai. Gobe Alhamis.